KIYAYE ƘODA DAGA ƁARNAR MAGUNGUNA: Darasi Domin Jama'ar Madaki da Sauran Unguwannin Gombe

Gabatarwa

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita. Amma sau da yawa mutum yakan ɓata lafiyarsa da hannunsa alhali kuwa yana tsammanin gyara yake yi. A unguwar Madaki, kamar yadda yake a Bolari da Pantami da Jekadafari da sauran unguwannin Gombe, ba wuya a ga lebura ko manomi ko mai tuƙa Keke Napep ya taso daga aiki da yamma, jiki ya yi tsami, ya tsaya wurin mai tallar magani ya ce a yi masa haɗi na ciwon jiki. Sai a ƙulle masa ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi dabam-dabam, ba suna, ba awo, ya haɗiye. Da safe ya ji garau ya koma aiki. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a abin da likitocin fiɗa masu aikin ƙoda da mafitsara suka gano bayan dogon bincike, watau cewa kowane ɗan yanki na naman ƙoda yana da daraja, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Abin da likita ke fama ya ceto a ɗakin tiyata yana ƙirga mintoci, shi ne wasu ke lalatawa a gida sannu a hankali da magungunan da ba likita ya rubuta ba.

1. Aikin Ƙoda a Jiki

Ƙoda guda biyu ce, ɗaya dama ɗaya hagu, a bayan ciki daidai ƙarƙashin haƙarƙari. Kowace ɗaya ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba, nauyinta kuwa wajen giram 150 ne. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ta cikin ƙoda yake bi. A kwana ɗaya matatan nan sukan tace ruwa kimanin lita 180, sa'an nan su mai da kusan dukkansa cikin jini, su fitar da lita ɗaya da rabi ko biyu tare da dattin jiki. Wannan shi ne fitsari.

Ban da tace jini, ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwa a jiki, tana taimakawa wajen riƙe bugun jini a kan ƙa'ida, tana fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi sabon jini, tana kuma taimakon ƙashi ya yi ƙwari.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan. Na farko, mutum yana gama samun matatansa ne tun yana cikin mahaifiyarsa, ba a ƙara masa ko ɗaya bayan haihuwa. Matatar da ta ji rauni tana iya farfaɗowa idan an gaggauta kawar da abin da ke cutar ta, amma wadda ta mutu ta tafi ke nan. Na biyu, ƙoda ba ta da yawan kuka. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikinta bai ji komai ba, domin sauran matatan sun ɗauke nauyin. Kafin fuska ta kumbura, sau da yawa ɓarna ta yi nisa.

2. Abin da Likitocin Fiɗa Suka Gano

A shekarar 1869 wani likitan Jamus mai suna Gustav Simon ya cire wa wata mata ƙoda ɗaya a birnin Heidelberg, ta kuma rayu. Daga nan duniya ta tabbatar mutum na iya zama da ƙoda ɗaya. Saboda haka aka daɗe, in an sami ƙari a ƙoda, sai a cire ta ɗungurungum. Daga baya da aka bi diddigin marasa lafiya shekara da shekaru, sai aka lura waɗanda aka yanke musu wurin da ya lalace kaɗai, aka bar musu sauran, sun fi tsira daga raunin ƙoda a gaba. Don haka a yau idan ƙarin ƙarami ne, musamman wanda bai wuce santimita 4 ba, likita yakan yi iyakar ƙoƙarinsa ya cire ƙarin ya bar ƙodar.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Ƙoda cike take da jini, saboda haka kafin a yanka ta akan matse jijiyar da ke kawo mata jini. Daga lokacin da aka matse, agogo ya fara aiki. Bincike ya nuna in aka zarce minti 25 zuwa 30 ba jini, matatai sukan fara lalacewa. Shi ya sa wani ma'aikaci ke faɗa wa likita mintocin da suka wuce, idan kuma an ga aikin zai daɗe sai a lulluɓe ƙodar da niƙaƙƙiyar ƙanƙara domin sanyi ya rage mata buƙatar jini.

Haka kuma aka yi ta neman hanyoyin da za a rage yanka. A 1976 likitoci a ƙasar Suwidin suka cire tsakuwa daga ƙoda ta wata 'yar ƙaramar kafa da suka huda a baya. A 1980 a birnin Munik aka fara farfasa tsakuwa da na'ura daga wajen jiki, ba tare da wuƙa ba. A 1990 a Amurka aka fara cire ƙoda ta ƙananan huda da taimakon kyamara.

Idan ƙoda biyun duka suka gaza, abin da ya rage shi ne wankin ƙoda ko dashe. Dashen farko da ya yi nasara an yi shi a Boston ran 23 ga Disamba 1954, tsakanin wasu tagwaye, a hannun Dokta Joseph Murray. A Nijeriya an fara wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, aka yi dashen farko a asibitin St. Nicholas na Legas a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi sahu a 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010. Wannan ci gaba ne abin alfahari. Amma wanki ana yin sa ne sau biyu ko uku kowane mako, kowane zama wajen awa huɗu, kuɗinsa kuwa ya sa gidaje da yawa sun sayar da gona da dabbobi. Wanda aka yi wa dashe kuma tilas ya sha magani muddin ransa. Bugu da ƙari, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da ƙoda ko wani sashe na jikin ɗan Adam.

3. Magungunan da Suka Fi Cutar da Ƙoda

Galibin magungunan da mutum ke sha ta ƙoda ko ta hanta suke fita daga jiki. Don haka waɗannan biyu su ne suka fi shan wahala idan aka wuce ƙa'ida.

(a) Magungunan ciwon jiki. Irin su diklofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda su ne suka fi yawa a cikin haɗin masu talla. Yayin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda takan fitar da wani sinadari da ke buɗe ƙananan jijiyoyinta don kada jini ya yanke mata. Waɗannan magunguna suna kashe zafin ciwo ne ta hana jiki yin irin wannan sinadari, don haka sai jijiyoyin su tsuke daidai lokacin da ake buƙatar su buɗe. Alal misali, a ɗauki mai aikin gini a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Gombe kan kai digiri 40. Ya wuni yana gumi, bai sha isasshen ruwa ba, da yamma ya haɗiye ƙulli ɗaya wanda wataƙila iri biyu ko uku na wannan magani ke ciki. Ya haɗa wa ƙodarsa ƙishi da shaƙa ke nan. Haɗarin yakan ƙaru ga mai zawo da amai, da mai azumi a bazara, da tsofaffi, da mai ciwon sukari. Ya fi tsanani ga mai shan maganin hawan jini tare da maganin sa fitsari. Waɗannan ƙwayoyi kuma sukan jawo gyambon ciki, sa'an nan ba a so mai ciki ta sha su, musamman daga wata na biyar, domin suna iya taɓa ƙodar jaririn.

(b) Allurar jentamaisin. Magani ne mai ƙarfi, ya ceci rayuka da yawa a asibiti. Sai dai yana taruwa a cikin bututun matatan ƙoda, idan aka yi kwanaki ana yi ba awo sai ya kashe su, yana kuma iya kurmantar da mutum har abada. A asibiti akan auna nauyin mara lafiya, a gwada jininsa, a ƙayyade kwanaki. A shagon unguwa ba a yin ko ɗaya. Doka ba ta ba mai ƙaramin shagon magani izinin yin allura ba.

(c) Farasitamol. Ya fi sauran sauƙi a kan ƙoda, shi ya sa likitoci suka fi ba da shi. Amma babban mutum kada ya wuce giram 4 a kwana ɗaya, watau ƙwaya takwas masu miligiram 500, domin fiye da haka yana lalata hanta. A lura kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki.

(d) Jiƙe-jiƙe da man bilicin. Ba kowane ganye ne ke cutarwa ba, amma abin da aka ɗura a gora ba suna ba awo, ba mai iya cewa ga abin da ke cikinsa. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a ƙasar Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha wani haɗin ganye na rage ƙiba, da yawa daga cikinsu sai da aka kai ga wanki ko dashe. Wasu mayuka da sabulan sauya launin fata kuwa suna ɗauke da zaiba, wadda ke ratsa fata ta isa ƙoda.

4. Abin da Ya Sami Yara a 1990 da 2008

Wani lokaci laifin ba na mai sha ba ne, maganin ne gurɓatacce tun daga inda aka yi shi. A 1990 yara 109 suka rasu a Nijeriya, 47 daga cikinsu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, bayan an ba su farasitamol na ruwa. Da aka bincika sai aka tarar an haɗa shi da wata guba mai zaƙi-zaƙi da ake kira dayetilin gilaikol, wadda masana'antu ke amfani da ita a man burki da makamantansa. Wannan masifa tana cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993.

A watan Nuwamba 2008 sai ga shi likitoci a Zariya da Legas da Ibadan suna ta karɓar ƙananan yara masu zazzaɓi da amai da zawo, waɗanda fitsari ya ɗauke musu gaba ɗaya. Aka gano an ba su wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda wannan guba ta shiga. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwar rasuwar yara 84. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. A 2022 ma irin haka ta auku a Gambiya, inda yara kimanin 70 suka rasu ta dalilin magungunan tari da mura na ruwa.

Darasin da ke nan ga iyaye mata a fili yake. Fitar haƙori ba cuta ba ce, ba ta buƙatar wani magani na musamman. Idan yaro yana zazzaɓi ko zawo, a kai shi asibiti a nemi dalili. Idan kuwa ya wuni bai jiƙa zane ba, kada a jira gari ya waye.

5. Shin Akwai Maganin Wanke Ƙoda?

A kasuwa da tasha akan ji masu talla da lasifika suna cewa ga maganin wanke ƙoda. Ya kamata jama'a su san cewa manyan likitocin duniya sun daɗe suna neman maganin da zai kāre ƙoda, kuma gwaji ya kunyata da yawa daga cikin waɗanda aka sa wa rai.

Ga misalai biyu. Akwai wani ruwa da akan ɗura a jijiya kafin ɗaukar wasu hotunan ciki, wanda kan wahalar da ƙodar da ba ta da ƙarfi. An yi shekaru ana ba da wasu magunguna biyu da nufin kāriya. Da aka gwada su a kan mutum kusan 5,000 a Amurka da wasu ƙasashe, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna ba su fi ƙarin ruwan gishiri na asibiti amfani ba. Haka nan wani magani mai suna manitol, wanda likitocin fiɗa suka saba bayarwa kafin su matse jijiyar ƙoda. Gwajin da aka yi a New York a kan mutum kusan 200, aka buga shi a 2018, bai sami wani bambanci tsakanin wanda aka ba da wanda ba a ba ba.

To, mene ne ya tabbata yana aiki? Abubuwa ne masu sauƙi. Isasshen ruwa a jiki, awon magani daidai da ƙarfin ƙoda, gajarta kwanakin shan mai haɗari, da kauce wa haɗa masu cutarwa biyu lokaci ɗaya. Maganin sankara mai suna sisfilatin shaida ne. Da farko ɓarnarsa ga ƙoda ta kusa sa a yi watsi da shi, sai a shekarun 1970 aka gano ƙarin ruwa mai yawa kafin a ba da shi da bayan an ba da shi yana rage ɓarnar ƙwarai. Abin da ya gagari masana da na'urorinsu, ba a cikin gorar mai talla za a same shi ba.

6. Wanda Za a Yi wa Tiyata

Duk wanda aka sa wa ranar tiyata, ko ta ƙoda ce ko ta mafitsara ko wata dabam, lalle ya zo wa likita da dukkan abin da yake sha, har da na gargajiya, a cikin kwalayensu. Kada ya ɓoye don jin kunya ko tsoron faɗa. Wasu magunguna akan dakatar da su kwanaki kafin aiki, wasu kuwa ba a so a daina, likita ne kaɗai zai bambance. Ba laifi ba ne dattijo ya ce, "Likita, wannan maganin ba zai taɓa mini ƙoda ba?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Bayan an sallame shi, kada 'yan dubiya su kawo masa nasu maganin. Wanda aka cire wa ƙoda ɗaya, ko aka yanke wa wani sashe, yana iya yin noma da kasuwanci da aure kamar kowa, amma ya sani ba shi da ta ajiya. Tilas ya faɗa wa duk ma'aikacin lafiyar da zai ba shi magani, ya kuma riƙa zuwa awon jini da fitsari a ranakun da aka sa masa.

7. Alamun Haɗari da Inda Za a Je

A gaggauta zuwa asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: raguwar fitsari ko ɗaukewarsa, kumburin fuska da safe ko na ƙafafu, fitsari mai kumfa da ba ta kwantawa, jini a fitsari, ciwo mai tsanani a kwiɓi, amai da kasala da ƙaiƙayin jiki ba dalili. Jini a fitsarin yaro mai wanka a rafi ko a madatsar ruwa irin ta Dadin Kowa galibi tsargiya ce. Tana da magani mai sauƙi, amma in aka ƙyale ta shekaru tana iya toshe magudanar fitsari ta lalata ƙoda. Haka nan dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita, kada ya ce tsufa ne kawai, domin fitsarin da ya taru yakan koma ya danne ƙoda.

Mazauna Madaki su fara da cibiyar lafiya mafi kusa, inda za a auna bugun jini da sukari. Idan da buƙata za a tura su Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, wanda aka kafa a 1996 da sunan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, aka ɗaga darajarsa a 2014. Gwajin da ke nuna ƙarfin ƙoda ana kiransa kiriyatinin, jini kaɗan ake ɗiba. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kashe ƙoda a hankali, don haka duk mai ɗayansu ya yi wannan gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara.

8. Abubuwan da Ake Buƙata Daga Jama'a

1. Kada a sha haɗin ƙwayoyi da ba a san sunansu ba.
2. Kada a yi allura a shago ko a gida sai da takardar likita, kuma a hannun ma'aikacin lafiya.
3. A sayi magani a kantin da ke da rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.
4. Masu aiki a rana su yawaita shan ruwa. Fitsari mai duhu alama ce ruwa ya yi kaɗan.
5. Mai zawo ko amai ya guji diklofenak da ibufurofen, ya sha ruwan gishiri da sukari.
6. Ciwon da ya wuce kwana uku ana shan magani bai tafi ba, a kai shi asibiti.
7. Wanda likita ya rubuta wa magani kada ya daina don tsoron ƙoda, sai ya koma ya yi tambaya.
8. Duk maganin da aka yi zargin jabu ne, a kai rahotonsa ofishin NAFDAC tare da kwalbarsa.

Kammalawa

Ana roƙon masu unguwanni da limamai da malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa su karanta wa jama'arsu wannan darasi, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. Kowace shekara, ranar Alhamis ta biyu ga watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, wadda aka fara kiyayewa a 2006, kuma tana faɗowa ne daidai shigowar zafi, lokacin da ya fi dacewa a tunatar da masu aikin ƙarfi. Magidancin da ƙodarsa ta gaza ba shi kaɗai ke kwanciya ba, har da gonarsa da karatun 'ya'yansa. Kuɗin awo ɗaya a shekara bai kai na zama ɗaya a kan na'urar wanki ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi Domin Bita

1. Me ya sa mutum kan daɗe da ciwon ƙoda bai sani ba?
2. Don me likitan fiɗa ke ƙirga mintoci bayan ya matse jijiyar ƙoda?
3. Yaya maganin ciwon jiki ke cutar da wanda ya wuni a rana?
4. Mene ne ya kamata uwa ta yi idan ɗanta ya wuni bai yi fitsari ba?